Ɗan jarida ne ni, ina son komawa aikin lauya: wa ya taɓa bin hanyar nan?

Mai Rikoda:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya taka hanyar da ƙafarsa.

Shekarata bakwai ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Kano, huɗu daga ciki a ɓangaren kotu. Kusan kullum ina tsakanin Nomansland da Gidan Murtala da sakatariyar Audu Bako, wani lokaci in leƙa Ƙofar Kudu idan akwai shari'ar da gari ya ɗauka. Har ta kai idan lauya ya miƙe yana gyara riga, na san abin da zai roƙa kafin ya buɗe baki. Rannan wani ya tsaya yana lalube, ya kasa tuno sashen kundin tsarin mulki da ya hana a tsare mutum fiye da ƙa'ida. Ina bencin baya, saura ƙiris "35" ta suɓuce min.

Digirina na aikin jarida ne. Shekaruna 32, ina da mata da yara biyu, gidan haya muke. Batun albashi kuwa, wanda yake cikin harkar ya san yadda ake ciki.

Abin da nake son sani: shekara nawa abin zai ci ni? Zan iya haɗa shi da aikina? Sannan zaman kotun da na yi zai rage min wani abu, ko kuwa daga "a, ba, ca" zan faro kamar kowa? Maman yara ta ce ba ta ƙi ba, amma in tuna ba a tuƙa tuwo da kundin tsarin mulki.

Ɗan Fagge:

Wa alaikumussalam. Abokina, ka je bakin kowace kotun majistare da ƙarfe takwas na safe ka ƙirga masu baƙar kwat da ke gindin bishiya suna jiran motar gidan yari ta iso, ko za a samu wanda danginsa ke neman mai karɓar beli. Su ma fa shekara shida suka yi suna karatu. Kai da kake da makirufo, jama'a sun san muryarka, kwamishina yana ɗaga wayarka, za ka ajiye ka koma ɗaukar wa yaro jaka? Idan albashi ne matsalar, ka nemi aikin kakakin wata ma'aikata ko ka buɗe shafinka. Ni dai ban ga riba ba.

Tsohon Wakili:

Ƙanina Mai Rikoda, da na karanta rubutunka sai na yi dariya ni kaɗai a ofis, don wannan "35" ɗin da ta kusa suɓuce maka ni ma ta taɓa damuna. Shekara takwas na yi ina aika wa wata jarida rahoton kotu daga Kano, yanzu kuma na kai shekara goma da sa hular gashi. Bari in ba ka yadda tawa ta kasance, ka tsinci abin da za ka tsinta.

Ba albashi ne ya kore ni daga jarida ba, ko da yake akwai shekarar da sai da muka bi bashin wata biyar. Wata tsohuwa ce. A 2007 ne, a wata kotun majistare. An kawo ɗanta cikin wasu samari da ake zargi da fashi, aka karanta takardar ƙarar 'yan sanda, majistare ya ce ba shi da hurumin sauraron irin wannan shari'a, a kai su gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a, ya sa rana. Duka abin bai kai minti bakwai ba. Na fito ina sauri in je in rubuta, sai na ji an kama hannun rigata. Tana riƙe da kwanon sha ɗaure a leda, fura ta damo masa, tana zaton tare za su koma gida. Ta gan ni da littafi da biro ta ɗauka lauya ne. Ta ce, "Ɗan nan, me alƙalin ya ce?" Na yi mata bayani tiryan-tiryan, don wannan na iya. Sai ta ce, "To yanzu ni me zan yi?" Nan na tsaya kamar an dasa ni. Shekara shida ina zaune a kotu, na san sunan kowane sashe, amma ban san wace takarda ake rubutawa ba, wace kotu ake kai ta, wa ake bai wa, nawa ake biya. Na ce mata ta nemi lauya. Ta ce, "Ai na ɗauka kai ne." Labarin ya fito a shafi na bakwai, layi goma sha biyu, edita ya sa masa kanun da ya riga ya yanke wa yaran hukunci.

To ka ga amsar tambayarka ta uku ke nan tun kafin a je ko'ina. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu 'yan bencin baya abin da muke gani shi ne ranar wasa. Aikin kansa a ofis ake yinsa da dare, a rajista ake yinsa da rana, kuma babu ɗan jaridar da yake bin lauya can.

Na shiga jami'a a 2009 ina da shekara 33. Da yake ina da digiri, aji biyu aka ɗauke ni, wato shekara huɗu maimakon biyar. A takarda ke nan. Yajin aikin malaman jami'a na 2013 kaɗai ya ci kusan wata shida, sai 2014 na fita. Daga nan Makarantar Horas da Lauyoyi, shekara guda. Na yi sa'a aka tura ni Bagauda, tsohon otal ɗin nan na bakin tafki, don da Enugu ko Yenagoa aka jefa ni ban san yadda iyali za su yi ba. A 2015 aka rantsar da mu a Abuja, ina da shekara 39, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hular.

Batun haɗawa da aiki: a jami'a na haɗa, amma da jini da gumi. Na roƙi edita ya cire ni daga kotu ya mayar da ni gyaran labarai na dare. In fito aji ƙarfe huɗu, in shiga ofis har sha ɗaya, in yi karatu bayan asuba. Na sayar da filina na gadon mahaifi a shekara ta uku. A Bagauda kuwa babu wannan zancen. Ana ɗaukar sunan masu halarta, in ba ka cika adadin ba ba za ka zauna jarrabawa ba, ga zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi, ga liyafar cin abinci uku da dole ka halarta cikin baƙi da fari. Dole na ajiye aikin. Wannan shekarar matata ce ta riƙe gidan da ɗinki, Allah ya saka mata.

Yanzu ga abin da ba wanda ya gaya min. Aikin jarida ya ba ni abubuwa, amma ya kuma ɗora min wasu halaye da sai da aka kankare su da wuƙa.

Takardar rantsuwa ta farko da na rubuta, a kan neman belin wani direba, na kai wa maigidana ina jin kaina. Na zuba Turanci, na fara da abin da ya fi zafi kamar yadda aka koya mana, har da cewa "bayanai sun nuna 'yan sanda sun tsare shi ba bisa ƙa'ida ba". Ya ɗauki jan biro ya ja layi tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Malam, bayanan wa? Wa ya gaya wa mai rantsuwar? A ina? Ƙarfe nawa?" Ya buɗe min sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011. Na karanta shi a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, amma hannuna bai karanta ba. Sashen ya ce idan mai rantsuwa daga bakin wani ya ji magana, sai ya faɗi sunan wanda ya gaya masa, da lokaci da wuri da yanayin da aka yi maganar. Kuma ba a sa muhawara ko yanke hukunci a ciki. Ka duba fa: shekara takwas mutuncina a jarida shi ne ban taɓa tona majiyata ba. "Wata majiya mai tushe" ita ce jarina. A kotu majiya mai tushe sunanta ji-ta-ji-ta, ko kallonta alƙali ba zai yi ba.

Na biyu ya fi ciwo, don a bainar jama'a aka yi. Shari'ar fili ce, aka bar min in yi wa shaidan ɗaya ɓangaren tambayoyi. Wani dattijo ne, mai unguwa. Na tambaye shi ko yana wurin lokacin da aka yi cinikin, ya ce ba ya nan. Da na zauna a nan, shi ke nan, na gama da shi. Amma ɗan jaridar da ke cikina ya ƙi. Na ce, "To in ba ka nan, me ya sa ka tabbatar filin nasa ne?" Dattijo ya gyara zaman hula, ya ce ai washegari mai sayarwar da kansa ya zo har zaurensa da goron shaida, ya kawo sunayen mutum uku da ke zaune, ya faɗi har kalar buhun da aka zubo kuɗin. Alƙali yana ta rubutu, ni kuwa ina jin gumi yana bin bayana. A hira, tambayar da ba ka san amsarta ba ita ce mai daɗi, ita ke kawo labari. A gaban shaidan abokin gaba ita ce ramin da kake haƙa wa kanka. A mota maigidana bai ce min komai ba har muka kai Kofar Nassarawa, sannan ya ce, "Hirar ta yi kyau. A wane shafi za ta fito?"

Sai girma. Ɗan Fagge bai yi ƙarya ba a nan. A aikin lauya ba a duba gemu, shekarar rantsuwa ake dubawa. Wadda na fara aiki a ƙarƙashinta shekarunta 27, ta girme ni da shekara uku a sana'a. Ni ke ɗaukar fayil, ni ke zama a bayanta, in an kira shari'a ita ke miƙewa ta gabatar da ni. Akwai majistaren da a da idan na shiga ofishinsa har lemo yake sa a kawo min, don yana son sunansa ya fito daidai a jarida. Ranar da na fara tsayawa gabansa ko murmushi bai yi ba, kuma daidai ya yi. Albashina na farko naira dubu talatin ne, bai kai wanda na baro ba.

Abin da jarida ta ba ni kuwa, ba zan raina ba. Na iya sauraro. Mutum zai zo ya yi awa guda yana zagaye, daga rasuwar kakansa har rigimar kishiyoyi, ni na san a ina zan tsayar da shi in ce "maimaita wannan". Yaran da suka fito daga makaranta kai tsaye ba su da wannan haƙurin. Na iya rubutu gajere, kuma alƙalin da yake rubuta komai da hannunsa yana son lauyan da ba ya wahalar da shi. Na saba da wa'adi: wanda ya yi shekaru ana ce masa shafi zai rufe ƙarfe shida ba ya wasa da kwanakin shigar da takarda. Sannan na san mutanen rajista da masu kai sammaci da sunayensu tun kafin in zama lauya, na san wanda ake gaisarwa da "ranka ya daɗe" da wanda ake tambaya jikin mahaifiyarsa.

Mai Rikoda:

Yallaɓai Barista, Allah ya ƙara girma. Wallahi labarin mai unguwar nan ya sa na ajiye waya na yi shiru, don ni ma da haka zan yi. Abin da nake tunani shi ne in na gama in tsaya a kan shari'o'in 'yan jarida: ɓata suna, kamun da ake yi wa masu rubutu a Facebook, irin waɗannan. Ko akwai abinci a nan? Sannan na ji ana cewa akwai karatun lauya na ƙarshen mako.

Maman Walida:

Barista ya yi bayani mai kyau, amma ya tsallake ƙofar shiga, kuma a nan na ga mutane da yawa sun faɗi. Ni ban yi jarida ba, amma shekarata goma sha huɗu a aikin lauya.

Ƙanina, kar ka kuskura ka kai kuɗinka karatun yamma ko na ƙarshen mako da sunan digirin lauya. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, wadda Makarantar Horas da Lauyoyi ke ƙarƙashinta, cikakken karatu take karɓa. Ka tambayi waɗanda suka yi a Buɗaɗɗiyar Jami'a, wato NOUN mai karatu daga gida, shekara nawa suka yi riƙe da takarda suna jira kafin a samar musu mafita. Ka kuma tabbatar majalisar ta amince da tsangayar da za ka shiga, don kowace jami'a akwai adadin ɗaliban da aka yanka mata. Wannan adadin ne ya sa gurbin masu shiga aji biyu yake da tsada kamar zinare. Ka nema, amma ka shirya wa shekara biyar ɗin ma.

Kafin komai, ɗauko sakamakonka na sakandare ka duba ko kana da kiredit a Adabin Turanci. Digirinka ba zai rufe maka wannan ramin ba.

Batun shari'ar 'yan jarida, kar ka gina gida a kai. Suna zuwa, amma ɗan jaridar da aka kama yawanci ba shi da ko kuɗin mota, kai za ka ciyar da shi. Abincin lauya a garin nan yana wajen fili, gado, haya, bashi, rajistar kamfani. Shi ya sa nake ba ka shawara ka yi wanda aka haɗa da shari'ar Musulunci, irin na Bayero. A harabar Kongo ma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ɓangaren Shari'a. A kotunan Musulunci da Hausa ake magana, kuma mutum irinka da ya saba yi wa jama'a bayani a rediyo zai ji daɗinsu. Amma ka koyi rabon gado da gaske, don akwai alƙalan da za su ja maka nassi da Larabci su zuba maka ido.

Kuma ba dole ne ka bar jarida ba don ka karanta doka. Tony Momoh lauya ne, amma a editan jaridar Daily Times aka san shi, har ya yi ministan yaɗa labarai zamanin Babangida. Sai dai ka zaɓi ɗaya a matsayin sana'a, don ƙa'idojinmu ba su yarda ka haɗa aikin lauya da wata sana'ar ba sai da izini.

Tsohon Wakili:

Hajiya babbata ce a sana'a, kun ga abin da nake faɗa, don haka na karɓi gyara. Gaskiya ta faɗa kan abinci. A shekara ba na samun shari'ar ɗan jarida fiye da uku ko huɗu, kuma rabonsu da biyana har na manta. Filaye da gado ne ke biyan kuɗin makarantar yarana. Amma ina karɓarsu, don na san yadda ake ji. Sashe na 391 na kundin hukunta laifuka na Penal Code, na ɓata suna, yana nan daram a Arewa, laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kansa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi masa gyara a 2024, amma har yanzu ana kwana a caji ofis saboda rubutu. Idan irin wannan ta zo, ni ba sai an yi min bayanin yadda labari ke tashi daga wakili ya bi ta hannun edita ba, ko wa ke sa kanu. Na taɓa fitar da wani yaro da wannan kaɗai: na nuna kalmar da ake ƙara a kanta ba ta cikin abin da ya aika, a tebur aka ƙara ta.

Ɗan Fagge, Awolowo ma rahoto ya fara ɗauka kafin ya tafi Landan ya zama lauya a 1946, ya dawo ya kafa jaridar Tribune a 1949. Ban ce kowa Awolowo ne ba, ni kaina ban zama ba. Masu gindin bishiyar da ka gani kuwa, wata rana in aka kama ɗan'uwanka ranar Juma'a da yamma za ka san amfaninsu.

Abu ɗaya da har yau bai sake ni ba, Mai Rikoda, shi ne ƙaiƙayin baki. Wani zai shigo ofis ya rufe ƙofa ya ajiye maka takardun da in a da ne, shafin farko ne na mako guda. Ka karanta, ka sa a durowa, ka kulle, ka tafi gida ko matarka ba za ta ji ba. Tsofaffin abokan aiki kuma ba sa taimakawa. Ina fitowa daga kotu za su tare ni da makirufo, "Barista, ai kai namu ne, ɗan ba mu wani abu." Alhali shari'ar da ke gaban alƙali akwai iyakar abin da lauya zai faɗa a kanta. Akwai wanda ya yi wata biyu ba ya gaishe ni a kan haka, mutumin da muka sha raba kuɗin mota a bakin kotu. Ka tambayi kanka ko za ka iya wannan, don ya fi jarrabawar Bagauda wuya.

In kana son gwaji kafin ka sayi fom, ranar Litinin ka bar rikodarka a gida. Ka roƙi wani ƙaramin lauya, ba babba ba, ka bi shi tun daga rajista da safe har ya koma ofis ya gama rubutun gobe. Ka yi haka kwana biyar. Za ka ga an ɗage shari'a huɗu cikin biyar, za ka ga an yi awa uku ana neman fayil.

Mai Rikoda:

Na gode ƙwarai, Yallaɓai, na gode Hajiya. Na sami wanda zan bi ranar Litinin. Amma Hajiya kamar kin leƙa akwatina. Jiya da dare na zazzage takardu na ɗauko sakamakon, Adabin Turanci D7 ce. Ke nan sai na sake zama jarrabawar 'yan waje tare da yaran da aka haifa ina sakandare. Maman yara tun jiya take min dariya.

Tsohon Wakili:

Ni ma na zauna ta, a 2008. Yaron da ke kusa da ni ya ɗauka mai sa ido ne ni, ya ɓoye wata 'yar takarda a safa. Da ya ga an miƙo min tawa takardar tambayoyin sai ya matso ya ce, "Baba, in ka gama ka ɗan karkato da ita."